Ranar da Goggo Ta Hana Kalangu

Makon jiya ina kwashe tsohuwar adakar Inna sai hannuna ya taɓo wani kaset da aka naɗe da baƙin zare. Ba ni da rikodar da zan saka shi, kuma ban buƙata ba. Da ganin ƙullin na san aikin Goggo ne, yayar Babanmu, matar da ba ta taɓa yarda cewa waƙa waƙa ce kawai ba.

A gidanmu na Kazaure ba a biki sai Goggo ta tace kiɗa. Kwana uku kafin yini za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye rikoda mai cin batir shida, ta saurari kowane kaset har ya tsaya da kansa. A wajenta babu mawaƙin da ba shi da wanda yake yi da shi. In waƙa ta ambaci doguwar mace, to akwai doguwa a dangin ango, a cire. In ta ambaci gona, wani ya taɓa rigimar iyaka da wani. Wanda ta ƙi sai ta ƙulle shi da zare ta tura ƙarƙashin gado. Mu yara muna yi mata dariya a ɓoye, amma ba zan ɓoye muku ba, ta sha tono habaici inda da gaske an binne shi.

Ina shekara goma sha ɗaya aka sa bikin Yaya, a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garin ke mayar wa mutum zafin da suka sha. Angon malamin makaranta ne ɗan Babura, kuma Yaya tana sonsa har ba ta iya ɓoyewa. Sai dai mahaifinsa mahauci ne, kakansa ma haka. Mu kuwa kakanmu ya yi wa hakimi magatakarda, kuma a danginmu akwai waɗanda har yau ba su sauko daga wannan kujerar ba. Baba dai da zuciya ɗaya ya ba da auren.

Kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne, ko da yake babu bikin da ba a kaɗa shi. Goggo ta kwana biyu tana juya maganar. Ta ce in aka saka shi, mutanen Babura za su ce asalinsu ake tona musu a bainar jama'a. Don haka duk kaset ɗin da aka ji kalangu a ciki ya sha zare, makaɗan da suka saba zuwa ƙofar gida ma aka aika aka ba su haƙuri. Inna ta ce anya kuwa, Goggo ta ce ta fi ta sanin mutane. Abin da ya rage sai kiɗan ƙwarya da wasu waƙoƙi masu sanyi. Na kuma ji tana gaya wa wata ƙawarta, matar wani babban ma'aikaci, ta zo hankali kwance, ba za ta ji abin da zai sa ta ɗauke kai ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Ranar yini dangin ango suka iso da hantsi a bas biyu, da kulolin dambun nama da ƙamshinsa ya cika zaure. Uwar ango, mace ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa, ta shigo da fara'arta. Aka kunna rikoda. Kaset na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare, na ga ta fara karkata kunne. Wata ƙanwarta ta zaro kaset daga jaka ta miƙa a saka. Goggo ta karɓa, ta dubi hoton makaɗan da ke jiki, ta ce rikodar tana cinye irin wannan, ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta. Daga nan babu wadda ta ƙara tashi rawa a cikinsu. Aka kawo shinkafa, ko murfin ba su ɗaga ba. Namu suna raɗa wai baƙin nan girman kai gare su, su ma suna tasu raɗar. Yaya tana ɗaki cikin lulluɓi, ta riƙe hannuna ta ce in gaya mata gaskiya, me ya sa tsakar gida ta yi tsit. Ni ma tsoro ya kama ni, don na san waɗannan matan ne za su tafi da ita da yamma, in sun ga dama.

Bayan la'asar uwar ango ta yafa mayafi ta je ta tsaya gaban Goggo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, tun safe nake sauraro. In kunyarmu kuke ji, ku gaya mana tun da sauran rana, mu koma yadda muka zo. Ba zan ɗauki 'yar mutane in kai ta gidan da danginta ke ƙyama ba."

Goggo ta rantse don kada ransu ya ɓaci ta yi, kada su ce gori ake yi musu. Uwar ango ta tari numfashinta.

"Gori da me, Hajiya? Da wuƙar nan aka yi wa ɗana karatu. Ku ne kuka ga abin gori a ciki."

Goggo ta ɗaga cinyarta. Ta zaro kaset ɗin, ta saka da hannunta, kalangu ya tashi. Ba wadda ta motsa. Sai ta ɗaura gyale a ƙugu ta shiga fili, matar da ko a bikin 'ya'yanta ba ta taka ba. Rawar ba ta yi kyau ba, gwiwa ta riga ta gaji. Uwar ango ta bar ta ta zaga fili sau biyu ita kaɗai kafin ta ajiye mayafi ta shiga. An tafi da Yaya kafin magariba.

Kada ku ɗauka shi ke nan. Shekaru Yaya ta yi a Babura, in ta ce ta ƙoshi da nama sai a kalli juna. Ni kuma da na girma na tuna maganar da Goggo ta yi wa ƙawarta, na kasa yanke wa kaina ko mutanen Babura ta kare ko kunnen ƙawayenta. Ta rasu ban tambaye ta ba, kuma abin yana damuna.

Yanzu babu mai zama ya tace kiɗa. Mai sauti zai zo da kwamfuta cike da waƙoƙi, ƙarar ma ba ta bari a ji kalmomin balle a nemi habaici. Bara Yaya ta aurar da 'yarta a wani ɗakin taro a Kazaure, ta ɗauko makaɗan kalangu daga Babura ta zaunar da su a gaba. Kowa ya tashi rawa. Ni kuwa na zauna ina bin fuskokin danginmu ɗaya bayan ɗaya, in ga wa zai murmusa. Na kama mutum biyu. Wataƙila daɗin kiɗan ne ya sa su, amma tun ranar ban ƙara sakar musu fuska ba.