Albasar da Gwaggo Ta Rufe da Faifai

Shekarun baya, lokacin jiharmu ta Kebbi tana sabuwa fil, ana ta kwaso ma'aikata daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ina cikin waɗanda aka kwaso. Na samu teburina da kujerata, da fanka mai juyawa ranar da ta ga dama, sai nake jin kamar da shawarata aka yanki jihar. Da wannan girman kan nake zuwa gida duk ƙarshen wata, wani ƙauye ne kusa da Aliero, in zauna a zaure ina ba mutane labarin yadda ake tafiyar da gwamnati.

Mahaifina manomin albasa ne, kuma a gonarsa ba a motsa ko kwando sai da bakinsa. Shi ke faɗin ranar zuba iri, shi ke faɗin ranar dashe, shi ke duban lawashi ya ce yau za a yanke ruwa. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ko dai ya ce "kai", ko in ba na wurin ya ce "wancan na Birni".

A wannan shekarar ya cire albasar farko, ya hau saman lodi a babbar mota zai kai ta kasuwar Jega, kamar yadda ya saba. A hanya taya ta fashe, motar ta kwanta. Buhunan suka zubo masa, ya daɗe a ƙarƙashinsu kafin mutane su gano akwai mutum a wurin. An ciro shi da rai, amma cinyarsa ta karye. Aka kai shi wurin mai ɗori a Aliero, maza huɗu suka danne shi aka ja ƙafar aka ɗaure. Mai ɗorin ya san aikinsa, ƙashin ya zauna daidai.

Da labari ya iske ni na ɗauki hutu na taho, kuma tun daga ƙofar gida na karɓi mulki. Ina son mahaifina ƙwarai, ganinsa kwance ya karya mini zuciya, sai na rantse a raina ko ƙuda ba zai dame shi ba. A satin farko mahaifiyata tana yanka albasa a tsakar gida, warin ya shiga ɗakinsa, sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa, yana ta neman numfashi. Nan take na kafa doka: ba albasa a gidan nan. Ku duba fa, gidan manomin albasa, a ƙasar Aliero, aka koma miya da daddawa da barkono kawai. Na ƙara da cewa kada wanda ya yi masa maganar gona. Masu zuwa dubiya su yi sannu su fita. Ni na tsara lokacin da zai ci abinci, lokacin da za a juya shi, lokacin da za a fito da shi shan iska. Har a takarda na rubuta na manna a bango, a ɗakin mutumin da bai karanta boko ba.

Sauran albasar tana gona, hutuna kuma yana ƙarewa. Ƙannena biyu suka ce a tambayi Baba ranar cirewa. Na ce ba za a tambaye shi ba, albasa ai ta yi girma, kowa yana gani. Muka cire ta cikin kwana biyu, muka jibge a rudu, wato 'yar bukkar kara mai gado da ake ajiye albasa ta sha iska. Na koma aiki ina jin na yi abin kirki, na riƙa zuwa duk Juma'a ina duba ko ana bin dokokina.

Ana bi kuwa. Ƙafa tana warkewa, amma mutumin yana ƙarewa. Ya daina cin abinci sai loma biyu. In aka taɓa shi ba zato sai ya zabura. Ciwon kai ya sa shi gaba, muka kai shi wurin wani likita a Jega, aka auna aka ce jininsa ya hau sosai. Likitan ya ba da magani, ya ce a kula kada hankalinsa ya riƙa tashi, ni kuwa na ji kamar an buga wa dokokina hatimi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne amsarsa. Ko me ka tambaye shi, kunu ko fura, ciki ko waje, sai ya ce, "Duk yadda kunka yi." Mutumin da ko gishirin miya sai ya yi magana a kai. Wata rana na ga mahaifiyata a bayan ɗaki tana share hawaye, ta ce mini tana jin ba zai kai damina ba. Ni ma haka nake ji, na dai kasa faɗa.

A cikin haka ƙannena suka gaya mini albasar rudu ta fara ruɓewa. Na ce a rufe maganar.

Sai ga Gwaggo, yayar mahaifina, ta iso daga Karaye ta ƙasar Maiyama. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da sandarta, bakinta kuwa ba ya jiran izinin kowa. Ciwon gwiwa ne ya hana ta zuwa da wuri. Aka kawo mata tuwo, ta kai loma ɗaya ta tsaya.

"Mi anka yi ma miyag ga?" ta tambayi mahaifiyata.

Mahaifiyata ta nuna ni da ido. Na gyara zama na yi wa Gwaggo bayanin tsarina dalla-dalla. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To, mai biro," ta ci gaba da cin tuwonta.

Da safe lokacin fito da shi ya yi, ni da ƙanena muka shiga, na kama kafaɗa ya kama ƙafa. Gwaggo tana zaune a gefen gado. Ta sa sandarta ta tare mu.

"Ku dakata. Buhu na kuka ɗauka ko mutum?" Sai ta juya wurinsa. "Ƙanena, a hitar da kai ko a bar ka?"

"Duk yadda kunka yi, Yaya."

"Mu ba mu da yadda za mu yi. Kai muka jira."

Ta ɗauko goronta ta ɓare. Muna tsaye kamar masu jiran mota, ni ina ta duban agogo. Hantsi ya ɗaga, kunun da aka kawo ya huce. Can dai Baba ya motsa baki, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "A bar ni."

"Kun ji," in ji Gwaggo. "A bar shi."

Muka fita. Raina ya ɓaci, don a ganina ta hana mara lafiya shan iska. Ban lura ba cewa a cikin sati bakwai wannan ne karo na farko da ya faɗi abu aka yi.

Washegari ta yi wadda ta fi. A gabana ta dube shi ta ce, "Albasakka tana ruɓewa cikin rudu. Ɗiyanka sun ɓoye maka." Na ji kamar in nutse. Na ja ta waje, na ce, "Gwaggo, likita ya ce kada a tayar masa da hankali. In wani abu ya same shi fa?"

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, na san son shi kaka yi. Amma tsoron nan nashi na, ba naka ba. Ka bar shi shi riƙe abinai."

Ta aiki ƙanena rudu ya ɗauko albasa guda. Ta sa ta a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin. Ta ce masa, "Ga ta can, ruhe. In ka ce a kawo, a kawo. In ka ce a hitar, a hitar. In ba ka ce komi ba, tana nan inda take."

Kwana biyu ƙwaryar tana wurin. Na lura yana yawan kallonta. Ranar Lahadi ya kamata in koma Birni, na kasa tafiya, na aika a ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Rana ta uku bayan azahar ya ce, "Yaya, kawo ta."

Ta kawo, ta ɗaga faifan. Jikinsa ya ɗauki rawar nan, gumi ya feso masa a goshi. Na yunƙura zan ɗauke ƙwaryar, Gwaggo ta harare ni na koma na zauna. Ya ce, "Ruhe." Ta rufe nan take. Ya yi ta numfashi har ya lafa. Ya ce, "Buɗe." Ta buɗe. Sau uku ko huɗu suna haka, yana faɗa tana yi, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga nan ya miƙa hannu ya ɗauki albasar. Ya juya ta, ya danna wuyanta da babban yatsa. Sai na ga fuskarsa ta canza, ta koma irin wadda na sani tun ina yaro in na bar awaki sun shiga gona.

"Wuyanta ɗanye na," ya ce. "Wane mara wayau na yac ce a cire ta ba a yanke mata ruwa ba?"

Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ai na sani. Aikin masu biro na."

An sha zagina a duniya, amma ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba. Mahaifiyata tana bakin ƙofa, ta rufe baki da gyale, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni dai duka biyun na yi.

A ranar ya ce a fitar da shi ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, kuma shi ya faɗi ta inda za a kama shi. Ya sa aka kwashe rudun kaf aka baza a inuwa. Muna kawo masa kwando-kwando, yana ware ta sayarwa, da ta iri, da wadda za a zubar. Ni ya ba aikin kwasar ruɓaɓɓiyar, na san kuma da gangan ne. Fiye da rabi ta lalace, amma an tsira da iri. In warin ya yi masa yawa sai ya ɗaga hannu, kowa ya ja baya da kwandonsa, in ya sauke mu dawo. Da yamma ya ce yana son tuwo da miyar kuka, a sa albasa. Ya cinye, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Bayan wasu makonni, yana dogara sanda, muna zaune mu biyu sai ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, ka san abin da ya hi ci mani rai ƙarƙashin buhunnan nan? Ba ƙahwar ba ta. Ina kira, ba mai ji. Ina ce masu ta nan za ku ja, suna ja ta can. Da anka kawo ni gida na iske haka nan. Kowa na so na, ba mai ji na." Kunya ta rufe ni har wuya.

Ba zan ce albasa ta warkar da hawan jini ba. Ya ci gaba da shan maganinsa, kuma ɗingishi bai bar shi ba. Amma da muka koma Jega likitan ya auna ya yi murmushi, ya ce mu ci gaba da duk abin da muke yi. Na gane cewa mun san komai a hannun Allah yake, amma akwai ɗan abin da Ya bar wa bawa, ya ce i ko a'a a kan jikinsa da guminsa. In aka karɓe wannan, ko da sunan tausayi ne, jiki yana ji. Ni tsorona nake lallashi da dokokin nan, na ɗauka shi nake jinya.

Sanin abu daban, aiki da shi daban. Bayan shekaru da yawa ya kwanta ciwonsa na ƙarshe a asibiti a Birnin Kebbi. Likitoci suka gaya mini gaskiya, suka ce in an kai shi Sakkwato wataƙila a ƙara 'yan kwanaki, wataƙila a'a. Lokacin ina da mota. Na karɓi takardar tura shi Sakkwato, na kwantar da shi a baya, kansa a cinyar mahaifiyata, muka biyo ta Jega. Da muka kusa mararrabar da ke shiga ƙauyenmu idonsa a rufe yake. Da na taka mai na wuce, ba zai sani ba sai mun yi nisa, kuma wallahi ƙafata ta so yin hakan. Na gangara gefen titi na tsaya.

"Baba," na ce, "Sakkwato ko gida?"

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon gonakin da ke gefen hanya. Ya ce, "Gida."

Na so in roƙe shi, na so in kawo masa hujjoji, ina da su da yawa. Na haɗiye su, na karya kan mota. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakinsa, yana faɗin wanda za a kira masa da abin da za a dafa. Har yau wani lokaci nakan tambayi kaina ko Sakkwato za ta ƙara mana wata guda da shi, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma ban taɓa nadamar tsayawa in tambaye shi ba.