Tafiyar Kumasi da Aka Yi Ba da Ni Ba

Ina da shekara tara mahaifinmu ya rasu a Kumasi. Kamar sauran mazan Kurfai na zamaninsa, da an gama zuba hatsi a rumbu sai ya kama hanyar Kurmi, ba ya komowa sai hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas. Wata shekara hadari ya haɗu, aka yi shuka, aka yi noman fari, sannan wani ɗan ƙauyenmu ya iso da akwatinsa na ƙarfe da labarin rasuwa. An binne shi a maƙabartar mutanen zango. Daga cikin waɗanda suka ɗauki makararsa mutum ɗaya ne ya yi saura, wani dattijo ɗan wajen Damana da ya zauna can bai sake dawowa gida ba. Shi kaɗai ya san inda kabarin yake.

Aikina a Filinge shi ne riƙe rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Na rubuta rasuwar mutanen da ban san iyakarsu ba, kowanne da ranarsa da wurinsa, amma mahaifina ba shi da layi ko ɗaya a wata takarda. Tun ina ɗan lakkwal, wato makarantar boko, nake son in tsaya a kan kabarinsa, in yi masa addu'a, in kuma rubuta wurin yadda jikokinsa za su iya samunsa ba tare da sun nemi kowa ba.

Shekarun baya, lokacin da gadar Gaya take buɗe ga kowa, dattijon nan ya aiko wa ƙanena saƙon murya. Ya ce ƙafafunsa sun fara ƙin ɗaukarsa, in akwai mai son a nuna masa wurin, to ya zo kafin damina. Ƙanena ɗan kasuwa ne, yana da mota mai ƙarfi. Da Inna ta ji saƙon sai ta ce ita ma za ta. Muka tsayar da mutum huɗu: Inna, da ni, da ƙanena, da ƙanwarmu wadda za ta kula da ita a hanya. Tsara tafiya kuma aka ɗora mini, don ni ne babba, ni ne kuma na san takarda.

Na ɗauki aikin da gaske. Na sayi sabon littafin rubutu, na nemo taswira, na riƙa zama da direbobin manyan motoci a tasha ina yi musu tambayoyi. Hanyoyi uku na fitar. Ta farko ta bi ta Torodi ta ratsa Burkina, ita ce mafi kusa, amma duk direban da na tambaya sai ya girgiza kai saboda rashin tsaro. Ta biyu ta bi Doso da Gaya ta shiga Benin, daga Paraku ta yanke ta Kara a arewacin Togo. Ba ta da shingayen biyan kuɗin hanya da yawa, waɗanda muke kira peyaj, amma akwai inda kwalta take ƙarewa sai jar ƙasa da ramuka. Ta uku ta gangara har Kwatano, ta bi bakin teku ta Lome zuwa Ankara, sannan ta hau Kumasi. Doguwa ce, peyaj a kanta kamar an shuka, sai dai kwalta ce daga farko har ƙarshe.

Wata rana bayan la'asar na tara su a ƙarƙashin rumfar gidan Inna, na shimfiɗa taswirar a kan tabarma.

"Yaya, wanga duk don tahiya guda?" in ji ƙanena. "Ni da na ɗauka yaƙi za mu."

"Bayan Inna ba ya ɗaukar ramuka," na ce. "Ta bakin teku za mu bi."

"Ta teku? Kowane gari a ɗaga muna sanda a miƙo hannu! Mu yanke ta Kara, kwana biyu mun isa."

"Ka isa kai da motarka. Ita fa?"

Ƙanwarmu ta yi dariya ta ce, "Bar shi, Yaya. Ba peyaj yake tsoro ba, tsayawa yake ƙi. Ko salla a guje yake yin ta."

Inna tana gefe tana tsince wake a faifai. Ba ta dube ni ba. Ni ɗan fari ne, kuma ita mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma doguwar magana da ni fuska da fuska. In tana da saƙo gare ni, ta bakin wani yake biyowa. Ran nan ma ƙanwarmu ta kalla ta ce, "Hwaɗa wa wancan, ban taɓa ganin teku ba." Da haka aka yanke magana.

Wata guda na yi ina cika littafin. Na rubuta kowane gari da za mu ratsa, da inda shingen peyaj yake, da irin kuɗin da ake karɓa a wurin, da gargaɗin cewa a ajiye tikiti har a wuce shinge na gaba. Na rubuta inda za a kwana, da inda akwai masallaci kusa da hanya, da inda Inna za ta sami wuri mai tsabta ta kama ruwa. Na kai kowa aka yi masa allurar shawara aka ba shi katinsa. Sannan na haɗa takardunmu duka, katin ɗan ƙasa da katin allura na mu huɗun da takardun mota, na jera su cikin jaka ɗaya bisa tsarin iyakokin da za mu ƙetare.

Saura abu guda. Ma'aikacin hukuma ba ya barin aiki ya fita ƙasa sai da izini, izini kuma ba ya samuwa sai an rubuta ranar tashi da ranar dawowa. Na tambayi ƙanena, ya ce Asabar ta biyu a wata mai kamawa ta yi masa. Na rubuta, aka sa hannu, aka manna takardar hutuna a allon sanarwa kamar yadda ake yi wa ta kowa. Kafin kwana uku duk wanda ya zo karɓar takardar haihuwa ya san ranar. A kasuwa, inda ake ce wa ma'aikacin hukuma irina Mushe, sai in ji, "Mushe, ashe ran Asabar sai Kumasi!" Ban ga abin ɓoyewa ba, sai in amsa da murna. Masu ƴan'uwa a can suka fara kawo mini saƙo, wannan ƙullin kuka, wancan wasiƙa, wata tsohuwa har da hular da ta saya wa ɗanta.

A wurin mutanenmu ba a faɗin ranar tafiya. Matafiyi yakan ce yana nan tafe cikin kwanakin nan, sai dai a wayi gari a ji ya tashi. Na san wannan tun ina yaro, amma na sa shi cikin abubuwan da karatu ya raba ni da su. Sau biyu ƙanwata ta same ni da maganar. Da fari ta ce, "Inna ta ce bakin mutane ya yi yawa bisa tahiyar ga." Na ce mata addu'a suke yi mana. Bayan mako guda ta sake cewa, "Inna ta ce ko ranar ba ta gyaruwa?" Na ce takardar hukuma ba a kankare ta kamar allon yara. Na ɗauka tambaya ce, na ba da amsa. Ban gane cewa daga uwar da ba ta iya yi mini umarni a fili, wannan shi ne umarnin ba. Wannan kuskurena ne, kuma na amsa shi.

Ranar Talata ta makon tafiya ƙanena ya zo ofis. Ya ce gobe zai kai motar Yamai a duba ta a kuma yanki inshorar ƙasashen waje, Inna za ta bi shi a duba mata ido, ƙanwarmu za ta raka ta. Ya nemi takardun mota. Ban so in warware jerin da na yi ba, sai na miƙa masa jakar gaba ɗaya. Ya ce in ara masa littafin ma, yana so ya karanta hanyar ta zauna masa a kai. Har na ji daɗi, na ce yaron nan ya fara hankali.

Laraba da safe na tsaya a ƙofar gida suka wuce ta hanyar Baleyara. Ƙanwata ta ɗago mini hannu. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska, ban kuwa kawo komai a raina ba, don haka take yi kullum.

Alhamis da hantsi ina cikin rubuta haihuwar wasu tagwaye wayata ta yi ƙara. Lambar ba ta ƙasarmu ba ce.

"Yaya, ni ne. Mun ƙetare gada. Muna Malanbil, cikin Benin."

Na ajiye alƙalami. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Inna ta rantse ba ta shiga mota ran Asabar. Duk Filinge ta san ranar, har mai shayin tasha. Kuma ka san hanya yanzu, ba baki kaɗai ake tsoro ba, akwai masu kunne."

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Da mun hwaɗa maka mi za ka ce? Ka ce hutunka bai kama ba, ka karanto muna doka. Ko ba haka ba?"

Haka ne, da abin da zan fara faɗa ke nan. Amma da na faɗa, da na kwana ina tunani, da na je wurin shugabana na roƙe shi kwana uku, abin da ban taɓa yi ba tun da na kama aiki. Ba su bar ni na kai ga wannan ba. Sun zauna su uku sun auna ni, sun yanke abin da zan ce, sun hukunta ni a kansa tun ban buɗe baki ba.

"Ba komi ba ne," ya ci gaba. "Ran Asabar ka shiga bas ka iske mu Kwatano, mu jira ka."

"Da wace takarda zan ƙetare iyaka?"

 Na ji yana buɗe jakar, na ji ƙanwata tana salati. Katina na ɗan ƙasa da na allura suna ciki, a saman na kowa, inda na sa su da hannuna. Har yau ƙanena yana rantsuwa cewa mantuwa ce. Wataƙila gaskiyarsa ne. Abin da na sani shi ne mutumin da ya shirya barin wansa a baya, kwana nawa yana ƙulla maganar duba mota da duba ido, bai sami minti ɗaya na tunanin yadda wan zai biyo shi ba.

Da na koma gida da azahar na tarar da matata ta kasa haɗa ido da ni. Na tambaye ta ko ta sani. Ta ce ita ta daka musu garin fura na guzuri tun ran Litinin.

"Inna ta ce kada in hwaɗi, Malam. Ya zan yi da maganar Inna?"

Ban yi mata faɗa ba. Suruka ba ta tsallake maganar uwar miji, na san haka. Amma kwana uku muna cin tuwo a gida ɗaya, ina karanta mata sunayen garuruwan bakin teku, tana cewa Allah ya kai ku lafiya.

Ƙanena ya ba wani direba katunan ya kawo mini. Direban ya biya ta wani wuri ɗaukar kaya, suka iso hannuna bayan kwana tara, lokacin su Inna har sun juyo. Hutun nan na kwana goma sha biyar a cikin gida na cinye shi. Fitar da na yi mai tsawo ɗaya ce: na bi gida gida na mayar wa mutane saƙonsu. Tsohuwar nan mai hula ta karɓa ta juya ta a hannu, ta ce, "Ashe kai ma ba a hwaɗa maka ba, Mushe?" Na ce mata haka ne.

Sun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Na je gaishe da Inna kamar yadda ya wajaba, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Ƙanena sai yabon littafin yake yi. Ya ce ko shinge ɗaya bai zo musu ba zato ba, har wani jandarma a Togo ya leƙa ya tambayi wanda ya rubuta. Na bar shi ya gama, sannan na yi tambayar da ta kawo ni.

"Kun ga kabarin?"

"Mun gani. Tsohon ya kai mu da kansa, ana riƙe da shi."

"A wane gefen maƙabartar yake? Daga ƙofa, dama ko hagu? Taku nawa?"

Ya dubi ƙanwarmu, ita ma ta dube shi.

"Akwai wani icce kusa," in ji ta.

"Wane iri?"

"Yaya, kuka muke yi. Wa ke duban icce?"

Ba wanda ya ɗauki hoto, don Inna ta ce ba a yin haka a maƙabarta. Ba wanda ya rubuta komai. Daga cikin ɗaki Inna ta yi magana, da ƙanwarmu take amma da ni ake: "Hwaɗa mashi na yi wa ubanshi addu'a, na yi tawa na yi tashi." Na ce na gode, Allah ya karɓa, Allah ya ƙara mata lafiya. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa uwa magana ba.

Na sake neman izini don in tafi ni kaɗai bayan girbi, wannan karon ban gaya wa kowa ba sai shugabana. Ana tsakiyar damina saƙo ya zo daga zango cewa dattijon ya rasu. Na buga wa ɗansa waya na yi masa ta'aziyya, bayan kwana arba'in na sake bugawa na tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa nuna masa wurin. Ya ce shi ran nan yana kasuwa. Na janye takardar izinin. Ina gaisawa da ƙanena, ina zuwa sunan ƴaƴansa, amma ban sake shiga motarsa ba, ko zuwa Baleyara.