Kai wa Baffa Irin Gero

Dutse

Na bar gidana a Limawa ana idar da sallar asuba, da ƙullin irin gero a jakar da na saba zuba takardun jarrabawa. Baffa Sale, ƙanen mahaifina, shi ya aiko a kai masa, daga ƙauyenmu da ke bayan Kafin Hausa. Ruwan farko ya ruɗe shi ya yi shuka, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Irin gida ya ƙare. In wannan ma ya lalace, bana babu gero a rumbunsa.

Wahalar mai ta sa fijo ɗaya ce ke lodi a tasha, aka cusa mu biyu a gaba. Muna fita gari na ga gajimare ya jeru a saman duwatsu layi-layi, kamar kunyoyin gona. Da yake labarin ƙasa nake koyarwa, bakina bai iya shiru ba. Na ce wa direba iska ce ta hau dutse ta sauko, ta ci gaba da hawa da sauka, kamar ruwan rafi in ya tsallake gungume.

Ya ce, "Malam, in dai ba ta rage shan mai, bar ta a sama."

Kiyawa

A shinge wani soja ya leƙa jakata, ya tambaya ko albashin malamai ya koma hatsi. Na ce ana kan shawara. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na sami akori-kura mai zuwa Kafin Hausa. Rabin fasinjojin awaki ne, kuma sun fi mu samun wuri. Ko'ina ƙasa a bushe, manoma na zaune a gindin itatuwa suna kallon gabas.

Ƙauyenmu

Ɗan acaɓa ya sauke ni da azahar. Baffa ya karɓi irin ya murza a tafin hannu, ya ce, "To ɗan boko, binne zan yi ko in jira?"

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa a bar shi ya jira ruwa. In aka yi mai ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne ya tada shi, sai ya tsiro ya mutu.

Na gyara zama. Na ce iskar hamada mai zafi tana arewa, ta teku mai sanyi tana kudu, a tsakaninsu can sama akwai wata mai gudu daga gabas. Bambancin zafin nan ke sa ta lanƙwasa, kamar igiyar guga in an kaɗa ta. Kowace lanƙwasa hadari ce, bayanta sarari, bayan sarari wata na tafe.

"Wata na tafe yaushe?"

"Cikin 'yan kwanaki, Baffa."

"Mai ƙarfi?"

"Littafi bai faɗa ba."

"Kai fa, ka faɗa?"

Na ce a binne, amma a zurfafa sara. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauko sungumi. Shi yana sara, ni ina zuba iri ina rufewa da dunduniya, da takalmin zuwa aji.

Muna gamawa bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta zo ta kwashe zana biyu, aka yi yayyafi, aka ɗauke. Abin da ake tsoro ke nan. Baffa ya tsuguna ya tura yatsa a ƙasa, ya matsa gaba ya sake turawa. Laimar ta tsaya a gaɓar farko, ba ta kai ga irin ba.

Ya ce, "Bai ji ba. Mu je mu ci tuwo."

Komowa

Washegari na biyo hanyar da na zo. Daga Kiyawa har Dutse kududdufai ne. Hadarin da ya yi mana rowa a nan ya juye, mafi yawansa a kan duwatsun da ba mai nomawa. Na isa gida da magariba, na gode wa Allah, na gode wa direban da bai tambaye ni komai ba.

Sauran makon na yi shi ina koyar da taswira ina leƙen taga. Ran kasuwar Kiyawa direban akori-kura ya aiko yaron mota da saƙo: an yi ruwa a ƙauye tun daga la'asar har isha, gero ya fito reras. Baffa yana gaisuwa, ya ce baɗi in ba direba irin, bayanin kuma in riƙe wa ɗalibai.