Tsohon da Ya Shinshina Numfashina

Jiya a kasuwar Lolo na wuce tulin mangwaron da ya nuna har ya fara ruɓewa. Warin nan mai zaƙi-zaƙi ya tsayar da ni cak, sai Baba ya faɗo mini a rai, tsohon malamin asibitinmu da ya rasu bara. Ɗabi'arsa ce kafin ya taɓa na'ura, sai ya sunkuyo ya shinshina numfashin mara lafiya.

Wani azumi aka kai ni wurinsa, ina amai, ina haki kamar wadda ta yi gudu. Ina da ciwon suga, ina shan ƙwayar da ke fitar da shi ta fitsari. Mijina ya miƙa masa na'urar gwajinmu.

"Baba, sugan nata daidai yake. Yunwa ce kawai."

Baba ya sunkuyo har gemunsa ya taɓa kafaɗata.

"Ɗiyata, lambar ta yi kyau, amma jininki ya yi tsami. Ina jin warinsa a numfashinki, kamar na ruɓaɓɓen mangwaro."

Gwajin fitsari ya gaskata shi. Ya ɗaura mini ruwa, ya sa allurar insulin mai sauke suga, ya rataya ledar ruwan suga. Mijina ya riƙe hannunsa.

"Suga kuma, ga mai ciwon suga?"

"In babu shi, allurar za ta kayar da ita. Sake ni, Malam."

A gefen gadona ya buɗa baki da dabino ɗaya, bai tashi ba sai da numfashina ya lafa.

Allah Ya ji ƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya ƙirjina ran nan.