Ranar da Alhaji Mamman ya hana ni cewa babu

"Wa ya koya maka cewa babu?" Alhaji Mamman ya daka mini tsawa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon shiga ƙungiyar 'yan kasuwar Zongo, shi aka ba ni ya koya mini. Wani ma'aikaci ne ya nemi fitila, na ce masa babu, na sallame shi.

"Bi shi, ka kai shi kantin Isa!"

"Baba, in kai wa wani cinikina?"

"Da ƙafarka!"

Na kai shi ina gunaguni. Bayan kwana uku sai ga Isa da kansa, ya jawo mini malaman lakwal, wato makarantar boko, su biyar masu neman yadi. Wallahi har rawa na taka!

Jiya na ji jikata ta ce wa mai saye babu a kanti, na zabura da sandata.

Ku fa, wa ya fara kama hannunku a kasuwa?