Gahawar da Babu Gahawa a Cikinta

Da an idar da sallar asuba Ammu Ubale, wato Baffa Ubale a bakin mutanen Jidda, yake barin unguwar Nuzla. Ya shiga mota zuwa Bagdadiyya, ya hau benen da ofishin kamfaninmu na gyaran kwantenonin sanyi yake, ya shige ɗan kicin ɗinsa da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Ya daka hel, ƙwayar nan mai ƙamshi da ake zuba wa gahawa, ya ɗora ruwa, ya jera finjalai a faranti, duk yana mita. Wani ya bar cokali cikin sukari. Wani ya taɓa masa dalla, butar gahawarsa mai dogon baki, ya mayar da ita ba yadda ya ajiye ba. Mu da muka yi aiki da shi mun san ranar da aka ji kicin shiru, to ba shi da lafiya.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Za a ba shi agogon bango kamar yadda aka saba, a ɗauki hoto, halas, shi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya tsufa a tsaye yana miƙa wa mutane kofi, a sallame shi da agogo, sai ka ce lokaci ne bai sani ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abu ɗaya da muka gani da idonmu.

A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Fasfonsa na ƙasar da bai taɓa takawa ba ne, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, tana hannun kafilinsa mai tsaya masa, Abu Nayef, mai kamfanin. A shekarunsa, in aikin nan ya kuɓuce, ba wanda zai ɗauke shi, in kuwa babu kafili babu zama. Kowa a ofis ya san haka. Mish'al ma, ƙaramin ɗan Abu Nayef, ya sani, amma bai hana shi cewa a sayo injin gahawa ba. Ya ce mutanen yanzu ba sa shan irin ta tsoho, kunya ce kawai take sa su karɓa. Abu Nayef ya ce zai duba.

Ana cikin haka aka kawo sabon injiniya daga Kumasi, Kwabena Asiedu, mutum mai fara'a da ya tashi kusa da zango, unguwar Hausawa, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ranar farko Ammu Ubale ya miƙa masa finjali, Kwabena ya dafa ƙirji ya ce ya gode, bai karɓa ba. Ya kawo shayi, ya sake dafa ƙirji. Washegari haka, jibi haka. Farantin yana komawa kicin da kofi ɗaya a cike, dole kuma ya bi ta gaban ofishin Mish'al, wanda kullum sai ya ɗaga gira.

Da wani ne, da ya yi fushi ya daina kai masa. Ammu Ubale ya yi fushin, amma ya je ya tambaya. Kwabena ba ya son zancen addini a wurin aiki, sai ya ce a taƙaice, “Baba, Kalmar Hikima ce ta hana ni.”

To, Ammu Ubale ya girma da maƙwabta mutanen Sudan, su kuwa likita suke kira hakim. Nan take ya yanke cewa likita ne ya hana bawan Allah. Da ya sake jin sa yana waya yana tambayar lafiyar mutanen wad ɗinsu na Kumasi, sai magana ta tabbata, don ya san 'yan Najeriya ɗakin kwanciya a asibiti suke kira wad. Ya bi ofis yana gargaɗi kada wanda ya bar muhandis, wato injiniyan, ya ɗauki abu mai nauyi. Ya kawo masa habbatus sauda da zuma. Ya dafa masa koren shayi mara ƙarfi, na marasa lafiya. Koren shayin ma ya dawo a cike.

Sai kuma wata rana wurin cin abinci Kwabena ya ambaci cewa an taɓa kiran sa, ya yi shekaru, sannan aka sake shi. Ammu Ubale ya dawo kicin yana girgiza kai. A Nuzla in aka ce an saki mutum, kowa ya san daga inda ya fito. Ya ce ga ciwo ga zaman kaso, wannan wane irin mutum Abu Nayef ya kwaso musu.

Ranar da haƙurinsa ya ƙare, ya jawo Kwabena kicin, ya zaunar da shi kan kujerarsa tilo, shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce yau sai ya yi masa bayani da Hausar mutane. Kwabena ya yi dariya har da hawaye, sannan ya warware. Shi Kirista ne, cikin waɗanda ake ce wa Momon, ko da yake su sun fi son a kira su da dogon sunan cocinsu, mai ƙarewa da Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Lafiyarsa ƙalau. Wad a wurinsu jama'ar unguwa ce da ke ibada tare. Kira shi ne a ɗora maka wani aiki na coci, saki kuma a sauke maka shi da godiya. Shi bishop aka kira shi, wato jagoran jama'ar unguwarsu, yana yi yana aikinsa na injiniya. Ya nuna hoto a wayarsa, yana saurayi ko gemu babu, da ɗan allo a ƙirji an rubuta Elda, ma'ana dattijo, sunan da ake kiran samarinsu masu fita aikin coci.

Ammu Ubale ya dubi hoton ya ce in wannan ne dattijo, shi kuma me za a kira shi, kabari? Ya ce bai taɓa ganin mutanen da suka tsince kalmomin jama'a suka canza musu aiki ba tare da sun sanar da kowa ba. Amma ya saurara har ƙarshe, abin da bai fahimta ba ya ce a maimaita. Bai ce masa addininka kaza ba, shi ma Kwabena bai ce masa zo ka shiga ba. Da aka zo kan Kalmar Hikima, ya ce dokarsu ce ta kula da jiki: ba giya, ba taba, ba abin sha mai zafi. Giya da taba Ammu Ubale ya gyaɗa kai. Na ukun ya riƙe.

Washegari ya dafa gahawa, ya sa ta a firiji, abin da a wurinsa ya kusa zama cin mutuncin sana'a, ya kai ta da sanyinta yana kawar da kai. Ta dawo. Bayan kwana biyu yana zaune yana kurɓar ruwan citta, tururi na tashi, Kwabena ya leƙo ya ce ko zai samu kaɗan. Ya shanye yana hura baki.

Har ƙasan bene aka jiyo Ammu Ubale. “Mai sanyi ka ƙi, mai ƙona harshe ka sha! Zafin naku wane iri ne?”

Kwabena ya ce ai zafi a dokar ba zafin wuta ba ne, gahawa da ganyen shayi ake nufi, ko da ƙanƙara aka sa musu. Ammu Ubale ya ce to me ya hana a ce gahawa da shayi tun farko, a hutar da tsoho? Kwana uku yana wannan mitar. Abin da bai faɗa wa Kwabena ba, ya kuma hana mu faɗa, shi ne abin da kofin nan ɗaya yake shirin jawo masa. Ya ce ba a sa baƙo shan abu don tausayi.

Sai ga manyan baƙi za su zo daga wani kamfanin jiragen ruwa, Abu Nayef kuma ya ce bayan tafiyarsu zai yanke maganar injin. Ranar majalisa ta cika, Kwabena yana cikinta don shi zai yi bayanin aikin. Ammu Ubale ya shigo da dalla a hagu, finjalai a dama, ya bi kowa. Da ya iso kan Kwabena sai ya ɗauko wata buta dabam, ya tsiyaya wani abu fari mai kauri. Ɗaya daga baƙin ya tambayi mene ne, Ammu Ubale ya ce gahawar loz ce, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa da ake kira almond. Kwabena yana jin kalmar gahawa, hannunsa ya tafi ƙirji.

Mish'al ya ce, da muryar da kowa zai ji, “Ya Ammu, yalla, mutumin nan ya gaya maka ba ya sha. Sau nawa?”

Mai zuba gahawa ba ya janye hannu sai an karɓa. Ammu Ubale ya tsaya da kofin a miƙe, ya juya harshe zuwa Hausa, a hankali.

“Muhandis, madara ce da garin loz da garin shinkafa da hel. Ko ƙwayar gahawa ɗaya babu. Matata Zubaidatu ta dama da hannunta, a tukunyar da ba ta taɓa ganin gahawa ba.”

“Amma Baba, gahawa ka ce.”

“Kai ma zafi ka ce. Ku kaɗai kuke da kalmar da ba ta nufin abin da ta faɗa?”

Kwabena ya dubi kofin, ya dubi tsohon da ya ɗauki makonni yana tambayar sa abin da ba wanda ya damu ya tambaya. Ya karɓa da hannun dama ya sha. Ya miƙa aka ƙara, ya sake miƙawa. Sai da Ammu Ubale ya ce masa in ya ƙoshi ya girgiza kofin, haka ake yi a nan, kada ya ƙarar wa baƙi. Abu Nayef ya ce a zuba masa shi ma. Ya kurɓa, ya ce rabonsa da ita tun mahaifiyarsa tana dama musu a farkon sabuwar shekara. Baƙin suka ajiye finjalansu suka ce su ma ita suke so, butar kuwa ba ta isa ba, abin da Ammu Ubale ya yi mita a kai har aka tashi.

An sayo injin, gaskiya. Yana nan a lungu yana ƙara, ga mai so. Amma an sabunta iƙamar Ammu Ubale a shekarar da duk shekarun da suka biyo, har ɗansa Abdulmajid ya zama kafilinsa, takardun suka koma hannunsa.

Ammu Ubale, kai ne mai dallar da ba ta hucewa. Kai ne ka yi kuskure sau uku a kan baƙo ɗaya, ba ka ji kunyar komawa ka sake tambaya ba. Mu da muke zaune tebur ɗaya da shi, sai muka ce girman kai ne muka bar shi a haka. Ba ka bar addininka ko da taki ɗaya ba, ba ka kuma nemi ya bar nasa don kofinka ya dawo babu komai ba. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya kuma ba Zubaidatu haƙurin mitar da za ta koma gida gaba ɗaya.

Ku kuma da ke aiki da mutanen ko'ina a garin nan, in wani ya faɗi kalmar da kuke ganin kun sani, ku daure ku tambaye shi me yake nufi da ita. In mita za ku yi, ku yi, amma ku tambaya. Kwabena ya koma Kumasi tuni. Da ya ji labarin ajiye aikin, ya kira waya ya ce, “Baba, ashe an sake ka.” Ammu Ubale ya ce eh, an sake shi, amma irin sakinsu na coci.