Dakalin da Ban Auna Ba

A shekarar da na kammala karatun safiyo, wato awon ƙasa, ina zaune a gidanmu na Daura ina jiran kiran bautar ƙasa, ruwan damina ya rushe gidan kakata ta wajen uba, a wani ƙauye da ke bayan Sandamu. Ya kamata in daidaita maganar tun daga farko, domin ba dukan gidan ne ya faɗi ba. Ɗakinta ne ya zube, da rabin zaure, da katangar yamma. Rumbu da rijiya ba abin da ya same su. Allah ya kiyaye, tana maƙwabta lokacin da abin ya faru. Baba ya je ya ɗauko ta, aka gyara mata ɗaki kusa da na Yaya, wato babbar yayata.

Kaka ta zo da ƙullin kaya guda ɗaya a cikin tsohon zane, ta ajiye shi a gefen gado, ta hana kowa taɓawa.

"Ni da zan koma jibi, me zai sa in kwance kaya?" Haka take cewa kullum.

Jibin ya yi ta wucewa. Babu wanda ya rage a ƙauyen da zai zauna da ita, ga shi yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambance komai sai haske da duhu. Duk mun san ba za a sake gina gidan ba, amma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya mata. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Abin da kawai ba ta rage ba shi ne tsokanata, irin ta kaka da jika.

Yaya tana da sana'ar hannu da take yi a tsakar gida. Takan karɓo fasassun tayil daga wurin magina, ta naɗe su a buhu ta ƙara farfasa su da guduma, ta gyara bakin kowane guntu da filaya. Sai ta jera su a kan allon katako bisa zanen da ta yi da fensir, ta manna da gam, ta cike tsakaninsu da farin siminti, ta goge. Furanni take yi, da sunayen amare. Ba ta yin mutum ko dabba, domin a gidanmu ba a rataye irin wannan hoto.

Ita ce ta fara kawo shawarar. "Kai mai digiri," in ji ta, "tun da ba ka da aiki sai gyara wa mutane magana, je ka zano mana gidan Kaka mu ɗora shi a allo. Ko ba ta koma ba, ta samu abin da za ta riƙe."

Na hau babur da tef ɗin awo da littafina. Na yini a kangon ina auna kowane bango sau biyu, har da waɗanda tushensu kawai ya rage. Abu ɗaya ne ya gagare ni. A ƙofar zaure akwai dakalin ƙasa inda marigayi kakana yake zama da yamma. Ina tuna shi tun ina ƙarami, amma ruwa ya narkar da shi, ba a gane farkonsa bare ƙarshensa. Na rubuta a littafin cewa ba a tabbatar da girmansa ba, na bar shi daga zanen. A lokacin gani nake gaskiya na riƙe.

Aikin ya ɗauke mu mako biyu a lissafina. Yaya ta ce uku ne, kuma tun da ita ke dama siminti, na fi yarda da nata. Na zaɓi guntaye masu kauri ɗaya, na riƙa danna su da shafaffen katako, ina ɗora rula a kai don kada wani ya ɗara wani tudu.

"Malam, ba filin jirgi kake shimfiɗawa ba," in ji Yaya.

Ban kula ta ba. Da allon ya bushe, ya fito sumul, yana sheƙi, kowane ɗaki a mazauninsa. Na kai wa Kaka bayan la'asar, tana zaune a kan tabarma.

"Maigidana ne? Me ka kawo wa amaryar taka? Ko takardar saki ce, in huta da miji marar albashi?"

"In na sake ki wa zai kwasa? Buɗe hannu, tsohuwa."

Na ɗora mata a cinya. Ta shafa da tafin hannu, ta sake shafawa.

"Wannan ai faranti ne. Ina tuwon?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, na kama yatsanta na kai shi kan rijiya, na kai shi kan rumbu, na kai shi kan ɗakinta. A kowane wuri takan tsaya, ta murza yatsan, ta jira. Sai a lokacin na ga abin da na yi. Ni ido na yi wa aiki, ita kuwa yatsu ne idonta, kuma da hannuna na shafe duk abin da yatsa zai kama. Rijiya santsi, rumbu santsi, bango santsi.

Ta miƙo mini allon da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka yi ƙoƙari."

Ba ta kira ni maigidanta ba, ba ta zolaye ni ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi Yaya ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, ta ajiye sabon allo da kwanon guntaye, ta ce da ni, "Wannan karon ka bar rular a ɗaki. Mai gidan ce za ta gina abinta."

Kaka ta ce ita ba magini ba ce, amma hannunta ya riga ya shiga kwanon. Ta laluba, ta juya wani guntu, ta ji bayansa mai kaushi, ta ce haka katangarta take. Daga nan muka riƙa kife tayil ɗin, fuska ƙasa, baya sama, abin da ban taɓa tunanin yi ba. Rumbu muka ɗora masa guntaye hawa uku har ya yi tozo. Rijiya muka zagaye ta da baki mai tudu, muka bar tsakiyar a lotse, da shuɗin guntu mai sanyi a ƙasa.

"Ƙara mata faɗi," in ji Kaka.

"Kaka, in aka ƙara za ta kai girman ɗakinki. Na auna ta, sau biyu ma."

"Ka auna, ni kuwa na ja guga. Ƙara."

Na ƙara. Ina jin zafin abin a raina, ba zan ɓoye ba, amma na ƙara. A kwanakin nan ne Yaya ta lura cewa kwanon abincin Kaka ya fara dawowa babu saura.

A rana ta huɗu, ko ta biyar, yatsanta ya bi hanya daga tsakar gida ya ratsa zaure ya fito waje. Sai ya tsaya yana kai da komo a gefen ƙofa.

"To, ina kakanka zai zauna?"

Na ce mata ruwa ya cinye dakalin, ban samu tsawonsa ko faɗinsa ba, kuma ban so in sa abin da ban tabbatar ba. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita ba daɗi.

Ta juya wajen Yaya. Sai ta ce, "Ke, miƙo mini ƙullin nan."

Yaya ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauko ta ajiye. Kaka ta kwance ƙullin da kanta, a hankali, domin ya ɗauru tamau. Cikin zannuwa da carbi da 'yar kwalbar kwalli ta zaro guntun farantin tangaran, fari mai zanen kore a baki. Ta ce a kansa take kai wa kakana goro in ya zauna a dakalin; ɗakin ya faɗa wa farantin, wannan kaɗai maƙwabta suka tsinto mata.

"Sa gam," ta ce.

Na shafa. Ita ta ɗora shi da kanta, ta danna da babban yatsa. Ya zauna a karkace, kuma a ma'aunin zanena ya kusa kai rabin zauren. Hannuna ya tashi zai gyara, gam ɗin bai kama ba tukuna. Na mayar da hannun kan gwiwata na riƙe shi da ɗayan.

"Ka ga tsawonsa ke nan," in ji ta. "Rubuta a littafin naka."

Na rubuta. Har yanzu yana nan a shafin, ƙarƙashin layin da na soke.

Da allon ya bushe na zo da ƙusa zan kafa shi a sama, tsakiyar bango, inda ake rataye irinsa. Kaka ta ce in sauko da shi. Ta zauna a bakin gado, ta miƙa hannu har ya taɓa bango, ta ce nan. A nan na kafa, ƙasa-ƙasa, ban nemi tef ba.

Tana shafa bakin rijiyar ta ce da Yaya, ba tare da ta juyo ba, "Zannuwan nan kuma a sa mini su a akwati, kada ɓera ya shiga." Sannan ta juyo wajen da take jin motsina. "Kai kuma maigida, tsayuwar me kake yi a kaina? Gidan ma sai da na gina da kaina. Je ka nemo mini goro."